Babur ɗinsu na ado ne, namu shi ke ci da iyali

Maƙwabcina a nan Ingila dattijo ne da ya yi ritaya, kuma ba shi da zance sai na babur. Shi ya dame ni sai na bi ƙungiyarsu zuwa baje kolin babura da ake yi duk Nuwamba a Birmingham, wanda suke kira Motorcycle Live. Ya ara mini hular kwano da rigar fata, ya goya ni.

Da ku ga shirin da suke yi. Tun gari bai gama wayewa ba suka taru a wani filin ajiye motoci, cikin sanyin da ke ratsa ƙashi, kowa ya naɗe daga kai har ƙafa: hula mai rufe haɓa, safar hannu mai kauri, takalmi har ƙwauri, wando mai garkuwa a gwiwa. A bayan rigar kowannensu an ɗinka tambarin ƙungiyar. Akwai jagora da ba a wuce shi, akwai na ƙarshe da ba ya barin kowa a baya. A kan hanya ba sa jerawa kafaɗa da kafaɗa, wannan ya ɗan karkata dama, na bayansa hagu, don kowa ya samu filin taka birki. In na gaba ya ga rami sai ya nuna da ƙafa, saƙon ya bi layi har ƙarshe. Da suka cire huluna na ga yawanci furfura ce, har da mata biyu da suka yi jika.

Wurin taron rumfuna ne manya-manya a rufe, ko'ina fitilu. An ɗora wasu baburan a kan dandamali mai juyawa, ana ta goge su da ƙyalle ko da ba ƙura. Mutum zai hau, ya riƙe kai, a ɗauke shi hoto, ya sauka. Na ga dattijo ya durƙusa ya daɗe yana leƙen injin wani tsohon BSA, yana ba jikansa labarin yadda a shekarun 1950 wannan kamfani na Birmingham ya fi kowa ƙera babura a duniya. Maƙwabcina ya ce mini a tsallaken titi akwai gidan tarihi na babura zalla, wanda gobara ta ci a 2003 amma suka sake gina shi. Abin ya burge ni, ba zan ɓoye ba.

Muna zaune muna hutawa sai ɗaya daga cikinsu, da ya ji daga Najeriya nake, ya zaro waya ya nuno mini hoto: magidanci a kan babur, yaro a kan tanki, biyu a tsakiya, uwa a baya da goyo. Ya ce, "Haka kuke hawa a can?" Aka yi dariya, wayar ta zaga hannu zuwa hannu. Na san ba da mugun nufi ya yi ba. Amma dariyar ta sosa mini rai, don ni mutumin da ke cikin hoton na san shi, ko da ban taɓa ganinsa ba. Kowa a cikinku ya san shi. Na ce masa, "Wannan bawan Allah iyalinsa zai kai wani wuri, kuma ba shi da wata hanyar kai su."

Ni ma na san haɗarin. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya sashen ƙashi ba sai an yi masa bayani ba. Su nan tun 1973 doka ta tilasta hular kwano, kuma ba mai musu. Sabon mahayi sai ya yi horon yini guda kafin ya fita titi, a kan ƙaramin babur da bai wuce cc 125 ba, da jan harafin L manne a gaba da baya, ba shi da izinin ɗaukar kowa. Mu kuwa kun tuna yadda aka kwashe da dokar hula a farkon 2009. A nan sun fi mu, na yarda.

To amma wa ya fi wa iya babur? Waɗannan mutanen da na bi, yawancinsu da sanyi ya kankama sai su kulle babur a gareji, su lulluɓe shi, sai bazara. Kowa na da mota a ƙofar gida. Titinsu shimfiɗe yake, in babur ya tsaya waya za su buga a zo a ɗauka. Ɗan acaɓa yana kan nasa tun asuba har dare, rani da damina, cikin yashi da taɓo, da buhu a baya, ga balas ɗin mai babur na jiransa da yamma. In ya mutu masa a daji, shi zai kwance filogi ya goge, ya hure kafireta, ya tashi abinsa. Kanikawanmu kuwa, injin da aka ce ya gama aiki za su buɗe su ba shi wasu shekaru. Na rantse da za a kawo ɗayansu cikin rumfar nan a ba shi kayan aikin da na gani, da an sha mamaki.

Wani abin da ya ƙara tsaya mini a rai: sun yi dafifi suna yaba ƙaramin babur ɗin nan na Triumph, kamfanin Ingila, mai cc 400 da ya fito a 2023. Da haɗin gwiwar Bajaj aka yi shi, ana kuma ƙera shi a Indiya. Bajaj ɗin dai da ke yin Boxer, irin wanda ke cikin hoton da suka yi wa dariya.

Akwai kuma rumfar 'yan sa-kai masu kai jini da samfurin gwaji tsakanin asibitoci da daddare a kan babur, kyauta. Mutane na tsayawa suna jinjina musu, suna saka kuɗi a asusu, kuma sun cancanta. Sai na tuna mata nawa aka kai asibiti suna naƙuda a bayan acaɓa cikin tsakar dare, daga ƙauyukan da mota ba ta shiga. Wa ya taɓa jinjina wa waɗannan 'yan acaɓar? Abin da suka samu shi ne zagi a titi da kamu a shingen bincike. An kore su daga tsakiyar Abuja a 2006. A Kano an hana goyo a babur a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Na san dalilin tsaro ne, kuma na san abin da 'yan bindiga ke yi da babur a yau. Sai dai laifin 'yan tsiraru ya shafi dubban magidanta, kuma ban ji wanda ya tambayi da me za su ci ba.

Mu ma fa muna da tarihin da ya isa a cika rumfa. Lokacin kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata, a 1975 malaman makaranta da akawu nawa suka sayi babur ɗinsu na farko? Ina Vespa ɗin nan da ake wankewa duk Juma'a, ina Honda, ina Suzuki? Da na koma gida a daren nan na kira yayana, na ce, "Yaya, wai ina babur ɗin Baba?" Ya ce, "Wane babur kuma? Ai tun bayan rasuwarsa aka sayar wa 'yan gwangwan." A kan babur ɗin nan aka kai mu makaranta dukkanmu, a kansa aka kai Inna asibiti za ta haifi autarmu. Ko hotonsa babu wanda ya ajiye. Na roƙi Yaya ya bincika mini ko akwai mai irinsa da zai sayar, ko da ba ya tashi, a ajiye mini a zaure har in zo.