Idan kwalara ta ɓulla a Legas, a fara da kocin unguwa

A watan Yunin 2024 kwalara ta ɓarke a Legas, har hukumomin lafiya na jihar suka danganta wasu da suka kamu a Eti-Osa da shan kunun aya mara rajista. An yi ta sanarwa a rediyo, amma matasanmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12 ba rediyo suke bi ba. Da la'asar filin ƙwallo suke, kuma maganar koci ta fi shiga kunnensu fiye da ta kowane jami'i.

Ra'ayina shi ne kada a rufe fili saboda kwalara. Ba a iska take ba, ta ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata take shiga ciki. Korona ta 2020 daban ce, waccan dole a dakatar da taro.

Haɗarin yana gefen fili: bokiti ɗaya, kofi ɗaya, yara ashirin suna tsoma hannu bayan an tashi. Wannan shi za a fara kashewa. Kowa ya zo da gorarsa ta tafasasshen ruwa. Wanke hannu kuwa da sabulu ne, daƙiƙa 20, a zuba ruwan da buta ko bokiti mai famfo. Kwano ɗaya da kowa ke dagulawa yaɗa cutar yake yi. Idan damina ta cika kwata har ta malalo cikin fili, ranar babu wasa.

Sai kowane koci ya iya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali, duk a shafe bakin cokalin. Nan ake yawan kuskure, a tula gishiri da tunanin zai fi ƙarfi, alhali yana iya cutar da yaro. Abin da ya wuce awa 24 a zubar.

Yaron da ke gudawa kamar ruwan shinkafa, idanunsa sun zurma, ba a cewa ya huta a gida zuwa gobe, domin cutar na iya kisa cikin 'yan awoyi. A riƙa ba shi ruwan yana kurɓa a hanyar asibiti. Koci ya riƙe sunayen 'yan wasansa, duk wanda bai zo ba kwana biyu a leƙa gidansu. Ƙananan hukumomi su kira kociyoyin nan horo na yini ɗaya tun kafin ruwan sama ya sauka, su ba su sabulu da ƙullin ORS, wato garin gishiri da sukari da aka riga aka haɗa.