Ƙafa ce ke tsere, ba sitiyari ba

Duk wanda ke guruf ɗinmu na tseren mota a kwamfuta ya ji saƙon muryar da Alhajin namu ya turo bayan tseren daren Asabar, inda ya ɗora wa wani yaro laifin karon da aka yi, don haka ba sai na maimaita ba. Hukuncina kawai zan faɗa. Ba yaron nan mai G29, sitiyarin wasa na Logitech, ne ya haddasa karon kwanar farko a filin tseren Monza ba. Ita kuma shawarar da aka kawo, wai daga yanzu duk wanda ba shi da sitiyarin DD, wato mai inji manne da shi kai-tsaye, kada ya ƙara shiga gasarmu, tun da muka fara wannan harka ban ji maganar da ta kai ta rashin kan gado ba. Ku koma ku kalli maimaicin tseren. Kowa ya fara taka birki tun kafin allon mita 150, saboda zagayen farko ne, taya ba ta ɗau zafi ba, motoci kuma a cunkushe. Mutum ɗaya ne jan layin da ke nuna birkinsa a allo ya hau rabi, ya faɗo ƙasa, sannan ya sake hawa bayan aikin gama ya gama. Kuma shi ne Alhajin, mai sitiyarin da ƙarfin murɗawarsa ya kai 25 Nm. Shi ne ya kwashe mutane kamar ya zo shara, shi ne kuma ya riga kowa ɗaga murya.

Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara arziki. Ba wanda ke baƙin ciki da kayanka. Amma hoton ɗakin da kai da kanka ka ɗora mana ranar da kayan suka iso, mun gani fa. Inji mai ƙarfin karya wuyan hannu an ɗaure shi a teburin ofis na katakon kwali. Fedojin da suka zo da tsohon sitiyarinka suna zube a kan tayil, an tokare su da kwalin ruwan roba. Kujerar kuma mai taya biyar ce, irin ta manaja. Ka ɗora injin tirela a jikin A Daidaita Sahu, sannan kana tambayar wa ya kayar da kai. Da ka danna birki kujera ta yi baya, ƙafa ta saki feda, mota ta ci gaba da tafiyarta. Ba wani sihiri a ciki. Abin da jan layin nan ya nuna ke nan.

Na faɗa a baya, zan kuma sake faɗa har ku gaji da ni: ƙafa ce ke tsere. Sitiyari yana ba ka labarin abin da mota ke ciki ne, amma lokacin da kake ci ko kake zubarwa a kowane zagaye, mafi yawansa a wajen birki yake. Monza ba ta kai kilomita 6 ba, kuma rabin sirrinta yana wurare ƙalilan da ake sauko da mota daga gudu mai tsanani zuwa tafiyar hawainiya. Wanda ya iya taka birki daidai wa daida a zagaye na 1 da na 15 da na 30, shi ne ke gaba, ko da sitiyarinsa na ƙara kamar injin markaɗe.

Ga dalilin, ga wanda yake son dalili. Fedar da ke zuwa da G29 da ire-irenta tana auna nisan da ta tafi ne. Ka tura ta santimita kaza, wasan ya ce birki kaso kaza. To ita ƙafar ɗan Adam ba ta da kirki wajen tuna nisa, musamman idan zuciya na bugawa ga mota a madubi. Abin da take riƙewa shi ne ƙarfin da ta danna. Shi ya sa aka yi birki mai lod-sel, wanda ke auna nauyin da ka ɗora masa, ba nisan da ya motsa ba. Haka birkin motar tsere ta gaske yake: tauri ne da shi, da ƙyar yake motsi, ƙarfin cinya ne ke magana. Fedar T-LCM ta Thrustmaster tana iya auna har kilo 100. Fanatec na da tata, Moza na da tata, masu hali kuma su tafi Heusinkveld ta Holan. Kuma amfanin ba a dannawa kaɗai yake ba, ya fi yawa a saki. Idan ka shigo kwana kana sassauta birki sannu a hankali maimakon ka cire ƙafa gaba ɗaya, nauyin mota yana zama a kan tayoyin gaba, su kama kwalta, hancin mota ya juya da kansa. Wannan sassautawar ce ke raba gwani da ɗan koyo. Babu adadin Nm ɗin da zai yi maka ita.

Amma ko lod-sel ɗin ma, kada wani ya ruga ya saya gobe ya jefar a kan tayil. Ka danna kilo 50 a kan kujera mai taya, sai dai a tsinto ka a bakin ƙofa. Mazauni ne farko. Ba dole sai ka yi odar sandunan alminiyam masu milimita 40 da 80 da ake gani a YouTube ba, waɗanda kuɗin dakonsu kaɗai ya isa ya sa mutum zazzaɓi. Ka je wurin mai walda na unguwarku da zane a takarda. Bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, faranti mai kauri na ɗora fedoji a ɗan karkace, wani farantin na sitiyari, a huda ramukan kusoshi daidai da na kayanka. Kujera kuma ka shiga Panteka idan a Kaduna kake, ko Ƙofar Ruwa idan a Kano, ka ɗauko ta tsohuwar mota tare da layin dogonta na matsawa gaba da baya. Ka ce wa mai waldar ya ƙara tokari a ƙarƙashin farantin birki, don nan ne ke lanƙwasa. Idan ka zauna ka danna iya ƙarfinka ba abin da ya motsa, to ka gama rabin aiki. Wanda ko wannan bai samu ba tukuna, ya ɗauko tsofaffin takalma sau ciki guda biyu ya zura tayoyin kujerar a ciki. Ku yi dariya. Yaron da ake zagi haka yake yi, kuma layin birkinsa a miƙe yake kamar an ja da rula.

Na san abin da za a ce. "Ai Verstappen ma kayan tsada yake amfani da su." Ƙwarai kuwa. Mutumin da a watan Mayun 2024 ya ci gasar Formula 1 ta Imola, kuma a ƙarshen makon nan ɗaya shi da tawagarsa ta Redline suka ci tseren awa 24 na Nürburgring a wasan kwamfuta na iRacing. Ku ba shi G29 a ɗaure a benci, ya ba mu duka ratar zagaye yana shan shayi. Sai na biyu: "Hassada ce, don ba ka da shi." To. Na uku kuma: "Ai DD ta fi ba ka jin mota." Wa ya musa? Injin da ke manne da sitiyari kai-tsaye, babu haƙoran giya babu bel a tsakani, dole ya fi saurin kawo saƙo. G29 da ta fito tun 2015 ƙarfinta bai wuce 2 Nm da 'yan kai ba, CSL DD ta Fanatec tana ba da 5, ko 8 idan ka ƙara mata babbar caja, R5 ta Moza 5.5. Bambancin a fili yake, hannu na ji. Ban ce kada a saya ba. Cewa na yi ba ita ce ta farko a layi ba, kuma ba ta ba kowa lasisin korar 'ya'yan mutane daga gasa ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Abin da ya fi ba ni haushi ma, akwai gyare-gyaren da ko sisi ba a kashewa, kuma rabinmu ba mu yi ba. Faɗin gani, misali, wato yawan filin da wasa ke nuna maka a allo. Ka ari tef ɗin tela ka auna daga idonka zuwa allo. Idan allonka inci 27 ne kuma yana nesa da kai santimita 60, lissafi ya ba ka kusan digiri 31 a wasannin Assetto Corsa da Competizione, domin su tsaye suke aunawa, ko kusan 53 a iRacing da ke auna kwance. Alhaji a 70 ya sa nasa, wai don ya ji gudu. Eh, za ka ji gudu, amma kwana za ta yi maka kamar tana Zariya alhali tana bakin hancinka. Kwana biyun farko bayan ka gyara za ka ji kamar an sa ka a cikin kwalba, motar ma kamar ba ta tafiya. Ka daure. Ka matso da allon har ya kusa taɓa bayan sitiyari, ka daidaita tsakiyarsa da idonka. Idan damuwarka ba ka ganin gefe, ga Crew Chief nan kyauta, murya ce a kunnenka tana gaya maka akwai mota a hagu, akwai a dama, yanzu hanya ta buɗe. Da an saka ta ranar Asabar da wasu sun tsira da bambarsu.

Haka batun ƙarfin sitiyari. Mutum ya murɗa shi zuwa 100 yana jin shi namiji ne, bai san duk abin da ya haura iyakar injin yankewa ake yi ba. A tsakiyar kwana, daidai lokacin da kake buƙatar jin tayar gaba ta fara zamewa, sai ka ji nauyi ɗaya tal babu labari a ciki. A Competizione akwai ɗan layi kusa da na birki da totur da ke yin ja idan haka ta faru. Ka rage har ya daina ja sai a kan dutsen gefen hanya. A iRacing ma maɓalli suka ba ka da ke lissafa maka bayan ka yi 'yan zagaye. Masu Logitech, ku tabbatar digiri 900 ne a manhajarku ta G HUB kuma 900 ne a cikin wasa, ku ɗan ɗaga ƙaramin ƙarfi zuwa kaso 10 ko sama kaɗan don ya cike ramin nan na tsakiya da haƙoran giya ke bari. Kuma ku riƙa rufe fedojinku da zani idan kun tashi. Ƙurar hunturu na shiga na'urar awon, sai ka ga totur na rawa shi kaɗai ko birki ya ƙi kaiwa ƙarshe, ka zauna kana zagin intanet.

Sauran kam kowa ya sani: waya daga rauta zuwa kwamfuta ta fi Wi-Fi, tunda sabobin da muke shiga galibi a Turai suke, nisan kaɗai ya ishe mu jinkiri. A rage inuwa da yawan motocin da madubi ke nunawa, hoto mai tafiya sumul ya fi hoto mai kyau da ke sarƙewa. Iskar taya a motocin ajin GT3 ta zauna tsakanin PSI 26 da 27 idan ta yi zafi. Tsohuwar wayar Android da ke cikin durowa, manhajar SimHub za ta mayar maka da ita allon giya da mai.

Yanzu bari in ajiye wasa. Ƙanina mai G29, na ga ka fita daga guruf ɗin da asubar Lahadi, kuma abin ya tsaya min a rai. Na san yadda ka tara kuɗin sitiyarin nan na hannu, na san sai an kawo wuta tsakar dare kake samun yin atisaye. Wallahi ba ka yi laifin komai ba. Ka riƙe layinka, ka bar wa na gefenka fili, aka zo aka same ka daga baya. Jann Mardenborough a ɗakinsa ya koyi tuƙi a PlayStation, ya ci gasar 'yan wasa ta GT Academy a 2011, zuwa 2013 yana kan mumbari a tseren gaske na Le Mans, na uku a ajin LMP2. Ban ce kai ma can za ka ba, hanyar ba ta da sauƙi ko ga 'yan Turai. Amma abin da ke ƙafarka ba a sayar da shi a kanti, kuma mu da muka girme ka mun gani. Ka dawo. Idan an kafa dokar DD ɗin nan, ni ma a cire sunana, mu buɗe namu ɗakin, sharaɗinsa ɗaya: kujerarka kada ta yi tafiya.

Af, tunda na ambaci buɗe ɗaki. Jiya na shiga Shutoko Revival Project a tsohuwar Assetto Corsa ta 2014, manyan titunan Tokyo da masu sha'awa suka zauna suka gina da hannunsu, har da cunkoson motoci, ka sauke ta manhajar Content Manager ka ƙara Custom Shaders Patch dare ya yi dare. Sai na ce wai mu ina masu zane da manhajar Blender ɗinmu suke? Kullum ana ɗora mana zanen gidajen bene da ba wanda zai gina. A ce har yau babu wanda ya zana mana titin Kano zuwa Zariya, da tirelolin da ke fakin a Kwanar Ɗangora, da ɗan acaɓan da zai ɓullo maka ta hannun da ba nasa ba? Ko gadar Ƙofar Nasarawa kaɗai aka yi ai mun samu wajen gwada birki. Duk wanda ya iya ya yi min magana ta akwati, hotunan hanyar ni zan ɗauko, man mota ma a kaina.