Damuwar Majinyaci Ba Raunin Imani Ba Ce

Assalamu alaikum.

Akwai wani dattijo a unguwarmu a nan Gombe, shekara da shekaru ba a rasa shi a sahun farko. Kwatsam aka daina ganinsa. Ashe yana fama da kansar furostet (wani ƙullun nama da ke ƙarƙashin mafitsarar maza), wadda muke kira ciwon dajin mafitsara, yana zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya. Da na je dubiya bai yi mini kukan ciwo ba. Sai da ɗakin ya watse ya ce: "Ɗana, da robar fitsarin nan a jikina, anya sallata tana karɓuwa kuwa?"

Wallahi na kasa haɗa ido da shi. Wata nawa yana haɗiye wannan tambaya, mu kuwa kullum "Baba, a yi tawakkali" muke ce masa, mu tashi.

Masu wannan jinya suna ɗauke da abin da kunya ba ta barinsu su faɗa. Allurar da ake yi musu tana rage sinadarin mazakuta ne, domin shi ke ciyar da cutar, sai ta bar mutum da kasala, da zufar dare, da raunin sha'awa, da saurin ƙuncin rai. Ga fargabar gwajin jini na PSA, da ake bibiyar halin cutar da shi, wanda daren karɓar sakamakonsa wasu ba sa runtsawa.

Annabi Yaƙub (AS) ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, ya ce yana kai ƙarar baƙin cikinsa ga Allah ne, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf, aya ta 84 zuwa 86. Wa zai ce imaninsa ya yi rauni? A hadisin Bukhari da Muslim kuma, Manzon Allah (SAW) ya lissafa damuwa da baƙin ciki cikin abubuwan da ake kankare wa musulmi zunubi da su, har ƙayar da ta soke shi.

Batun fitsarin nan, malamanmu na Malikiyya sun yi bayani tuntuni: wanda ke zuba ba da ikon mutum ba, in ya ɗauki rabin lokaci ko fiye, ba ya karya alwala. Da na faɗa wa Baba haka, sai ga hawaye.

Ku 'ya'ya, ku zauna ku bar mahaifinku ya yi magana. In barci ya ƙaurace masa ko ya daina cin abinci, a gaya wa likita, wannan ma ana maganinsa. Uwargida kuma a riƙa tambayarta ya take, ita ma ba barcin take yi ba.

Juma'ar da ta wuce jikansa ya riƙo hannunsa zuwa masallaci. Allah Ya ba shi lafiya, da dukkan marasa lafiyarmu.