Gabar da muke raina a cikin yaranmu

Jiya bayan sallar Juma'a na ga abin da ya hana ni barci. Muna fitowa daga masallaci sai ga ɗan yayana ya miƙo wa ɗana hannu. Yaron nan mai shekara 9 ya cusa hannunsa a aljihu, ya kau da kai. Da muka sha kwana na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Abba, ai ba ma magana da 'yan gidan Baffa." Wallahi ban taɓa zaunar da shi na ce masa haka ba. A bakina ya tsinta, a hirar tsakar gida, shekara 4 ke nan kullum ina maimaita yadda aka cuce ni a rabon gidan gado.

Ina kwance sai wani labarin Girkawan dā da na karanta tun ina makaranta ya faɗo mini. Tatsuniya ce ta masu bautar gumaka, kar wani ya ce na kafa hujja da ita. Amma mutanen nan sun san halin ɗan Adam.

A cikin 'ya'yan Sarki Felofs akwai Atiriyus da Tayestis, uwa ɗaya uba ɗaya. 'Yan ubanci ne ya fara haɗa kansu: suka kashe ɗan ubansu Kirisifus don tsoron kada sarauta ta faɗa hannunsa, a wata ruwayar ma rijiya suka jefa shi. Aka kore su, suka sauka birnin Maisini. Can kuma sai suka juya wa juna. Tayestis ya lalata matar ɗan'uwansa, ta hannunta ya sace ɗan ragon nan mai gashin zinariya da aka ce mai shi ne sarki. Da Atiriyus ya ƙwato gadon sarauta sai ya aika wa ɗan'uwansa cewa ya zo a sasanta. Ya yanka 'ya'yan Tayestis, ya dafa, ya ajiye masa a akushi. Sai da mutumin ya ƙoshi aka nuna masa kawunansu da hannuwansu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Ejistus ɗan Tayestis ko haihuwarsa ba a yi ba ranar wancan liyafa. Don ramuwa aka haife shi, ya girma ya kashe Atiriyus. Agamemnon ɗan Atiriyus ya tafi yaƙin Turoyi shekara 10, ya dawo da nasara, Ejistus da matar Agamemnon ɗin suka gama da shi a cikin gidansa. Ita ma da nata ciwon, don ya yanka 'yarsu kafin tafiya yaƙi. A shekara ta 8 bayan kisan sai ga Orestis ɗan Agamemnon, ya kashe Ejistus, ya haɗa da matar Agamemnon ɗin, uwar da ta haife shi. Maisini yau kufai ne, masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto a bakin wani kabari da ya haura shekara 3,000, ana ce masa Taskar Atiriyus.

Za ka ce mu ba ma yanka kowa. To, Alhaji, kai da ka hana yaranka zuwa gaida baffansu ranar Sallah, me kake dafa musu? Ke Hajiya da ke jan kunnen 'yarki kar ta ci abincin ɗakin kishiya, me kike zuba mata a kwano? Wani kan rabin gona, wani kan shago, wata kan maganar da aka yi ranar biki tun ba a yi auren fari a gidan ba. An fice daga zauren WhatsApp na dangi, an goge lamba, an daina zuwa suna, sai dai a haɗu a makabarta kowa yana kallon ƙasa. Duk mun haddace cewa ƙaurace wa ɗan'uwa ba ya wuce kwana 3, mun san duk Litinin da Alhamis ana jingine ayyukan masu gaba har sai sun shirya. Mu ne kuma a sahun farko.

Ku ji tsoron Allah, 'yan'uwa. Ni ma da kaina nake. Mu manya mun san mafarin rigimar, wata rana ma mukan tuna lokacin da muke cin tuwo a kwano ɗaya, zuciya ta yi sanyi. Yaro ba shi da wannan. Ƙiyayyar kawai ya tarar, kuma zai riƙe ta fiye da kai, yana ganin biyayya yake yi maka.

Don Allah ku ciro yara daga ciki. In ba za ka iya zuwa ba, ka bar su su je. Don Allah ku ciro su.

Da asuba na kira Yaya sau biyu, bai ɗaga ba, kuma ban ga laifinsa ba. Anjima bayan la'asar zan kama hannun yaron nan mu tafi gidan da ƙafa. Ku sa mu a addu'a.