Sharhi kan labarin ziyarar tsibirin Lamu

Na karanta labarinku kan tsibirin Lamu da ke gaɓar tekun Kenya, amma kun tsaya kan rairayin bakin tekun ƙauyen Shela kaɗai, alhali tsohon garin da UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2001 ya fi cancantar bayani. Jirgin sama a tsibirin Manda yake sauka, daga nan sai kwale-kwale ya tsallakar da mutum. Lungunan garin suna da ƙunci har mota ba ta shiga, jakuna ne ke dakon kaya, kuma sau biyu na manne da bango domin jaki mai buhunan siminti ya wuce. A ganina, mai niyyar zuwa ya daidaita tafiyarsa da Maulidin masallacin Riyadha, ya kuma kama masauki da wuri.