Ina aikinmu na jinya a cikin wannan kwamfutar?

Wallahi abin ya ishe ni. Da aka kawo kwamfuta asibitin da nake aiki a nan Gombe, aka ce an daina yawo da fayil, murna muka yi. Muna buɗe manhajar sai ga likita da jerin cututtukansa na ICD-10, ya zaɓa kawai ya wuce. Mai karɓar kuɗi ma an tsara masa shafinsa tsaf. Mu ma'aikatan jinya kuwa fili ɗaya fanko aka bar mana, wai kowa ya rubuta abin da ya gani.

To don me aka wahalar da mu a makaranta? Mun haddace jerin matsalolin majinyaci na NANDA, wata ƙungiyar ma'aikatan jinya da aka kafa a 1982. Akwai NIC na ayyukan da nas ke yi da NOC na auna sakamako, duka daga Jami'ar Iowa ta Amurka. Akwai ICNP, jerin kalmomin aikin jinya na majalisar ma'aikatan jinya ta duniya. An yi su ne don abin da nas ta rubuta a Kaltungo, ta Bajoga ta karanta ta gane shi daidai, kwamfuta kuma ta iya ƙidaya shi. Wanda ya sayo mana manhajar nan ko nas ɗaya bai tambaya ba.

Ga abin da hakan ya jawo. An kwantar mana da wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki. Nas ɗin da ke dutin safe ta rubuta fatar ƙugunsa ta fara canja launi. Ta yamma ta rubuta an juya shi, ba ta sa lokaci ba. Na dare ya yi nasa gajerun haruffan da shi kaɗai ya san ma'anarsu. Duk suna nan a kwamfuta, a warwatse, ba abin da zai haɗa su ya nuna mutumin nan na dab da gyambon kwanciya, a riƙa juya shi duk bayan awa 2. Sai da fatar ta buɗe. 'Yarsa ta tsare ni da ido ta ce, "Sista, ba ku gani ba ne?" Mun gani mana! Mun rubuta ma! Rubutun ya tafi kamar an zuba ruwa a rariya.

Ga kwamfuta ɗaya a ɗaki guda, ga ɗauke wuta, ga sabis da ke tafiya tsakar dare, dole mu rubuta a takarda mu dawo mu sake shigarwa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne rahoton ƙarshen wata. Zai nuna mutum nawa likita ya duba da kuɗin da ya shigo. Wankin ciwo, juya majinyaci, koya wa mai jego shayarwa, zama da mai ciwon suga ana nuna masa yadda zai yi wa kansa allura, babu ko ɗaya. Mu je mu ce mun yi kaɗan a ƙaro ma'aikata, a ce ina shaida.

A saka mana NANDA da NIC da NOC a manhajar nan, a horar da mu, a zauna da nas-nas kafin a sake sayo wata.