Noti Ɗaya Ya Tara Unguwa

Tun da damina ta kankama, duk ramin da na faɗa a hanyar Rigasa sai bayan Golf ɗina ya yi ta rawa har mu iske wani ramin. Uwargida ta ce ta daina shiga, don kunun da ta riƙo wa Hajiya rabinsa a zaninta ya ƙare. Na leƙa ƙarƙashi, na ga shakazobar baya ta jiƙe sharkaf da mai. Ta mutu ke nan.

Na je Panteka na sayo biyu 'yan Beljiyam, tun da ba a canja ɗaya a bar ɗaya. Bakanike ya faɗi kuɗin aiki, na ce masa Allah Ya ba mu alheri. Noti biyu ne fa kacal, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Ran Asabar da hantsi na ɗaga motar da jak a bakin get, na cire taya. Na sama ya kwance salin alin. Na ƙasa kuwa, na sa sufana na ja har jijiyar wuyana ta fito, ko gezau. Tsatsa ta haɗe shi da ƙarfen, sun zama abu guda.

Kan ka ce kwabo, kowa a layinmu ya zama injiniya. Mai shago ya ce kananzir. Baba Direba, wanda ya shekara da shekaru yana jan tirela zuwa Legas, ya ce, "Kai yaro, man birki ake zuba masa, mu da muka kwana a daji muka sani." Wani ɗan makwabta ya rantse Coca-Cola na cin tsatsa. Na saya, na tsiyaya rabi, ya shanye sauran. Ɗan yayata ya kawo maganin tsatsa na feshi, WD-40, muka fesa, muka zauna muna kallon notin kamar masu jiran a ga wata.

Sai aka ce a zura bututun ƙarfe a sufana don a ƙara tsawon hannu. Aka nemo mafi ƙiba a layin ya taka. Ya yi bismillah ya hau. Sufana ta zame, kan notin ya murje ya zama kwalkwal, shi kuma ya zauna daɓas a kwata. Ana cikin ba shi haƙuri mai gidanmu ya fito cikin babbar riga, zai tafi ɗaurin aure Zariya, ga motarsa a ciki, ga tawa ta tare ƙofa da ƙafa uku.

"Malam, yaushe za a gama?"

"Yanzun nan, Alhaji."

A Keke Napep ya tafi tasha.

Bayan la'asar na ɗauko mai walda da tukunyar gas ɗinsa. Ya tsuguna, ya shinshina, ya tambaya ko lemo muke sayarwa. Ya ce wuta ce maganinsa: in noti ya yi ja sai ya buɗe, tsatsar ta farfashe. Amma a goge kananzir ɗin nan tas, kada harshen wuta ya taɓa jikin shakazobar don akwai mai a cikinta, sannan ga tankin fetur nan kusa. Jin kalmar tanki, injiniyoyina suka watse. Baba Direba ya tuna bai yi alwala ba.

Mai walda ya gasa notin, robar da ke gindin shakazobar ta yi hayaki, ya ɗan ƙara ɗaure shi tukuna, sannan ya juya baya. Ƙiiii! Ya taho. Ya buge sandar da notin ke ɗaure a kai da guduma, ta faɗo ƙasa. Kuɗin da ya caje ni ya ɗara na bakanike, ban da na lemo.

Ina lissafa canjina ya zagaya ɗaya gefen, ya haska da fitilar wayarsa, ya daɗe yana kallo.

"Yallaɓai, wannan ya fi wancan ciwo. Gobe ƙarfe nawa zan zo?"